Nisan Gida: Yadda Tafiyar Wata Biyu Ta Koma Awa Ɗaya Da Rabi

Duk wanda ya kwana biyu a Agege ya san ba sai an gaya mana gari ya waye a filin jirgi ba. Ana idar da sallar asuba, kafin masu shayi su gama haɗa wuta, za ka ji na farko ya taho ta saman kwanon ɗakinka, ya riga ya sauke ƙafafu, yana neman titin Ikeja. Baƙo ne kaɗai yake ɗaga kai. Mu kam ko malami yana tsakiyar karatu, sai ya ɗan yi shiru ƙarar ta wuce, ya ɗora daga inda ya tsaya. Dalilin da ya sa suke bi ta kanmu shi ne titin saukar ya miƙe ne daga arewa zuwa kudu, kuma galibi ta ɓangarenmu suke shigowa. Mai tashi zuwa Kano ma sai ya fara fuskantar teku tukuna, sannan ya karkato ya nufi gida.

Kwanan baya wani yaro a makarantar dare ya tambaye ni, "Malam, wai daga nan zuwa Kano nisan nawa ne?" A nan aka haife shi, sau biyu kacal ya taɓa zuwa arewa, duka biyun kuma barci ya yi a mota. Na ba shi amsa a gurguje, amma tambayar ta ƙi barina, don na lura amsar da kakana zai bayar daban, ta mahaifina daban, tawa ma daban, alhali Kano ba ta matsa ba, Ikko ma tana nan inda take.

Bari mu fara da lissafin sama, shi ne mai sauƙi. In aka ja zare a miƙe daga filin jirgin Ikeja zuwa na Malam Aminu Kano, kimanin kilomita 835 ne, jirgi kuma yakan cinye shi a awa ɗaya da rabi. Abuja kimanin 510, awa guda da 'yan mintoci. Kaduna 630, Sakkwato 730, Katsina ta ɗan ɗara Kano kaɗan. Yola ta haura 1,000, Maiduguri kuwa ta kai 1,200, tafiyar wajen awa biyu in ba a biya da kai ta Abuja ba, kuma sau da yawa sai an biya. Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: Accra ta ƙasar Ghana, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, kilomita 400 ce kawai daga nan. Wato ta fi babban birnin ƙasarmu kusa da mu.

Mai lissafi zai ce, to ai an ce jirgin yana gudun kilomita 800 a awa, me ya sa Kano ba ta zama awa ɗaya cif ba? Saboda ba ya fara wannan gudun sai ya gama hawa, kuma tun da sauran tafiya yake fara rage shi don sauka, ga jan jiki a ƙasa kafin a ba shi titi. Shi ya sa gajeriyar tafiya ba ta da riba a jirgi. Badun ba ta fi kilomita 110 da ɗoriya ba ta sama. Kafin ka gama layin bincike a Ikeja, wanda ya hau mota a Ojota ya wuce Shagamu.

Wannan zaren da muka ja a miƙe, kakanninmu ba su san shi ba. Su ƙasa suka taka. A watan Disambar 1825 wani Bature mai suna Clapperton ya tashi daga Badagiri, nan kusa da mu, ya nufi arewa ta ƙasar Yarbawa da Borgu. Bai shiga Kano ba sai watan Yulin 1826. Wata bakwai. Gaskiya ne shi an yi ta tsare shi a fadojin sarakuna, ga ciwo, don haka ba da shi za a auna ba. Mu auna da ayari. Fatake masu jakuna da 'yan alaro, in suka yi kilomita 20 zuwa 25 a yini sun yi ƙoƙari, don da hantsi ya yi zafi ake neman zango. Raba kilomita 1,000 da wannan, ka ga kwana 40 zuwa 50, ba a sa ranakun hutu ba, ba a sa jiran fito a bakin Kwara ba, ba a sa cinikin kuɗin hanya da masu gari ba. Wata biyu ke nan in an yi sa'a. Masu zuwa Gwanja sayen goro kuwa, zuwa da dawowa kan cinye musu rabin shekara ko fiye.

Ku dubi abin da wannan yake nufi ga mutum. Wanda ya sauko Kurmi a wancan zamani, in ba bafatake ba ne mai komawa da ayari, to ya yi sallama da gida ke nan. Labarin rasuwar uwarsa a bakin wani matafiyi zai ji, bayan an yi sadakar arba'in an watse. Shi ya sa mutanen farko suka yi aure a nan, suka koyi Yarbanci, aka binne su a nan. Kalmar zango ma da muke kiran unguwanninmu da ita, asalinta wurin kwana ɗaya ne ko biyu. Nisa ne ya mai da ita gari.

Abin da ya fara karya wannan nisan ba jirgin sama ba ne, dogo ne. Layin da ya tashi daga Ikko ya isa Badun a 1901, kuma ta cikin Agege ya ratsa. Ya kai Jebba a 1909. Can arewa kuma wani layin ya tashi daga Baro a bakin Kwara ya shiga Kano a 1911, aka haɗe su biyun a wajen Minna a 1912. Kafin a gama gadar Jebba, a jirgin ruwa ake tsallakar da taragu. Tsawon layin duka kimanin mil 700 ne, wato kilomita 1,120 da 'yan kai, tafiyar kwana biyu zuwa uku. Ku tsaya ku auna wannan da kyau. Mutumin da ya yi wata biyu yana tafiya da ƙafa yana saurayi, shi ne dai da furfurarsa ya zauna a kan benci ya koma a kwana uku. A ganina duk tarihin tafiyarmu babu tsallen da ya kai wannan, har da na jirgin sama, domin shi dogo talaka ma ya hau.

Kuma shi ya gina mu. Goron da a da sai an je Gwanja, sai ga shi ana nomawa a gonakin Agege da Ifako da Otta, har zuwa Shagamu. Ga goro, ga tasha. Goro kuwa kun san halinsa, ba ya son jira: in ba a bi shi da ganye da yayyafi ana juyawa ba, sai ya bushe ko ƙwaro ya shige shi. Wanda zai kai shi Kano a kwana uku ya fi wanda zai kai a wata biyu nesa ba kusa ba. Tun kafin nan ma irin su Alhassan Ɗantata sun gane amfanin gajarta hanya, suna ɗoro goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana ta yau zuwa Ikko. Da dogo ya zo sai goro ya hau, shanu suka sauko. Sabon Badun, da aka kafa a 1916, da namu zangon, da na Shagamu, duk 'ya'yan wannan cinikin ne. Daga nan aka sami sabon irin Bahaushen Kurmi: mai zuwa cin rani, ya koma da damina ya yi noma, mai iyali biyu, ɗaya nan ɗaya can. Kakana yana cikinsu. Har ya rasu, in ka tambaye shi nisan Kano, ce maka zai yi, "Kwana biyu, in ba a daɗe a Minna ba."

Jirgin sama kuwa, abin da zai ba yaranmu mamaki shi ne ba ta Ikko ya shigo ƙasar nan ba. Ta arewa ya shigo. A ƙarshen watan Oktoban 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Coningham. Suka bi ta Sudan, suka ratsa Chadi, suka sauka Maiduguri, ran 1 ga Nuwamba suka dira a filin sukuwa na Kano, zamanin Sarki Usman. Jirage ne masu fiffike biyu, sama da ƙasa, kowanne mutum biyu yake ɗauka, kansu a waje iska tana dukansu. Shekara ɗari ke nan cif bayan tashin Clapperton daga Badagiri. Wani abin lura kuma, hanyar da suka biyo ita ce dai tsohuwar hanyar alhazanmu na ƙafa, masu shekara da shekaru kafin su ga Makka, wasu ma su zauna a Sudan har abada. Su jiragen a kwana shida suka yi ta.

Sai a 1936 aka fara jigilar wasiƙu da fasinja a kai a kai, lokacin da kamfanin Imperial Airways ya buɗe layi daga Khartum zuwa Kano. Daga baya a cikin shekarar aka miƙa shi zuwa Ikko, yana yada zango a Kaduna da Minna da Oshogbo, ya sauka a Apapa, don a lokacin babu filin Ikeja. Wato shi ma jirgin saman farko tafiyar fatake ya yi, zango zango, yana bin garuruwan da dogo ya bi. Gudunsa bai fi kilomita 230 a awa ba, ga sauka ga tashi, don haka yini guda ne. Kuma ba irinmu ne a ciki ba: jakunkunan wasiƙa ne da manyan ma'aikatan Turawa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo mana maƙwabcin nan namu mai ƙara. Da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, daga 1940 sai suka riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, su taso su sauka Ikko, su wuce Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, Khartum, har Masar. Dubbai suka bi ta nan. A wannan zamanin aka gina filin Ikeja, aka faɗaɗa na Kano da na Maiduguri. Bayan yaƙi aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, WAAC, a 1946, hedikwatarsa a Ikeja, yana zirga-zirga da ƙananan jirage masu cin mutum takwas zuwa goma. A 1958 Najeriya ta ware nata, wanda ya zama Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fiffike.

A waɗannan shekaru Kano ce ƙofar ƙasa. Jiragen lokacin ba su iya tsallake Sahara su zarce ba tare da shan mai ba, don haka mai zuwa Landan daga Ikko sai ya sauka Kano, haka jiragen Turai masu wucewa Kongo da Afirka ta Kudu. Akwai tsofaffin hotuna na wani mutum a kan raƙumi a filin jirgin Kano, riƙe da kakaki, yana busawa in jirgi ya doso. Da manyan jirage masu dogon zango suka zo, sai suka riƙa wuce Kano ta sama, martabar ta dawo nan. Aka sa wa filin Ikeja sunan Murtala Muhammed bayan kashe shi a 1976, aka buɗe babban ginin ƙasa da ƙasa a 1979. Ɗan Kano a wannan bakin zaren, Malam Aminu a wancan bakin.

Yawancin iyayenmu ba don zuwa Kano suka fara shiga jirgi ba, don Makka ne. Jidda kimanin kilomita 4,200 ce daga nan, daga Kano kuwa 3,400, tafiyar da ba ta kai yini ba. Amma ba a manta da 22 ga Janairun 1973 ba. Jirgin alhazai ne ya taso daga Jidda zai sauka nan Ikko, yanayi ya hana, aka karkatar da shi Kano, ya faɗi wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Mu ma nan mun ga namu ran 3 ga Yunin 2012, da jirgin da ya taso daga Abuja ya faɗo a kan gidaje a Iju-Ishaga, saura ƙiris ya kai titi. Daga ranar, har mu da ba ma ɗaga kai mun koma ɗagawa na wani lokaci.

Tun daga shekarun 1980 'yan kasuwa suka shigo harkar, cikinsu har da namu: Kabo daga Kano, Chanchangi daga Kaduna, daga baya Max Air da Azman. Nigeria Airways ta durƙushe a 2003. A takarda dai, yau za ka iya karya kumallo da burodin Agege, ka yi sallar azahar a masallacin Fagge.

A takarda na ce. Bari in ba ku nawa.

Wata shekara cikin hunturu, ƙanena ya bugo mini waya ana kiran assalatu, ya ce Inna ta cika. Garinmu yana gaba da Kano, tafiyar awa guda da wani abu a mota. Na roƙe shi don Allah su jira ni zuwa la'asar. Ya ce zai gaya wa su Baffa, amma ka san ba a son ajiye gawa. Na ce na sani, awa ɗaya da rabi ce kawai. Na ranci kuɗi a wurin maƙwabcina mai kanti, na hau acaɓa don kada cunkoso ya tsare ni, ƙarfe bakwai ina filin jirgi da tikiti a hannu. Jirgin na ƙarfe tara ne. Tara ta yi aka ce a ƙara haƙuri, hazo ya rufe Kano, matuƙi ba zai ga titi ba. Sha ɗaya, haka. Ƙarfe ɗaya, haka. Nan Ikko rana tar, sama fes, ina kallon jiragen Abuja da Fatakwal suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe biyu da rabi Baffa da kansa ya karɓi wayar, ya ce, "Ɗana, mutane sun taru tun safe, rana tana yi. Ka yafe mana." Na ce, "Baffa, ku sallace ta." Muka tashi bayan la'asar. Awa ɗaya da minti ashirin da biyar, na duba agogo. Na isa gida ana sallar isha'i, sai da safe aka raka ni na ga kabarin, ƙasar ba ta bushe ba.

Ba na zargin kowa. Matuƙin da ya ƙi tashi cikin hazo ya fi ni gaskiya, kuma su Baffa sunna suka bi. Amma a zaman makoki na yi ta tuna kakana. Shi da tasa mahaifiyar ta rasu, wasiƙar ajami aka ba wani mai goro ya kawo masa, ya karanta, ya yi salati, ya tara mutane aka yi addu'a a nan zango. Bai taɓa sa ran zai samu jana'iza ba, don haka bai yi yinin da na yi ba, ina zaune a kan kujerar ƙarfe ina kallon agogo.

Ni ma ɗin da na samu na ranta. Mu faɗi gaskiya, cikin mutum goma a unguwar nan, nawa ne suka taɓa shiga jirgin da ke wucewa ta kansu kullum? Mai gadi, mai facin takalmi, mai tura baro a Mile 12, mahaucin Oko-Oba, ɗan acaɓa: kuɗin tikiti ɗaya ya fi abin da da yawansu ke samu a wata. Nasu nisan na ƙasa ne, kimanin kilomita 1,000 ta Badun, Ilori, Jebba, Mokwa, Tegina, Birnin Gwari, Kaduna, Zariya. Da hanyar Birnin Gwari ta zama abin da ta zama, direbobi da yawa suka koma zagayawa ta Lokoja da Abuja, tafiyar ta ƙara tsawo. A bas, yini da kwana. A saman tirelar da ta sauke shanu za ta koma, kwana biyu, wani lokaci uku in ta lalace. Kun ga ke nan an dawo lissafin kakana na 1912, sai dai shi yana da benci da rufi, kuma ba ya fargabar a tare shi a daji. Ko a ranakun tashin hankali, lokacin rikicin zaɓen 1993 da na Shagamu a 1999 da na Idi-Araba a 2002, waɗanda suka kwashe mata da yara zuwa gida ba ta Ikeja suka bi ba. A bayan manyan motoci suka tafi.

Shi ya sa in ana hirar sabbin filayen jirgi, wai an buɗe a Dutse, an buɗe a Birnin Kebbi, an gina sabo a Bauchi, nakan yi murna amma da sauƙi. Kusan kowace jiha tana son nata, alhali wasu jirgi ɗaya ne ke sauka a yini, wasu ma sai lokacin aikin hajji suke farkawa. Kuma mafi yawansu Abuja suke kallo, ba mu ba. Mai zuwa Sakkwato ko Yola daga nan, sau da yawa sai ya sauka Abuja ya jira, tafiyar awa ɗaya da rabi ta zama ta rabin yini.

Tsohon dogon kuwa, wanda ya haife mu, ya yi shekaru a kwance. An farfaɗo da jirgin Ikko zuwa Kano a ƙarshen 2012, yana yin awa talatin da wani abu, ya ɗan yi tafiya ya sake yin shiru. Yanzu sabon layi mai faɗi ake yi, gaɓa gaɓa. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016. Namu na Ikko zuwa Badun a 2021, ga tasharsa nan a Agege, sabuwa fil, kuna ganinta. Na Kaduna zuwa Kano ana kan aikinsa. Jirgin da ke kan sabon layin yana kai mutum Badun a awa biyu da rabi. In da layin ya zarce har Kano da irin wannan gudun, wanda ya tashi da asuba zai kwana a gida, a kuɗin da mai tura baro zai iya tarawa.

Da na koma makarantar dare na yi wa yaron nan wannan bayanin, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malam, yanzu in na hau a tasharmu, a ina zai sauke ni?" Na ce a Moniya, gaba da Badun kaɗan. Ya ce daga nan fa? Na ce daga nan sai ka sauka ka nemi mota.